Amaryar Aro

Blanka ba ta taɓa son kiɗan rok ba. Takan ce kamar tukwane ne suka gangaro daga bene. Amma duk wanda ya san tarihin ƙungiyar Ruwan Kwata a arewacin ƙasar Cek ya san da ita, don a bikinta suka yi wasansu mafi shahara.

A 1978 hukuma ta hana su lasisin wasa, wai gashinsu ya yi tsawo, bakinsu kuma ya fi gashin. Ƙofa ɗaya ta rage: ba a hana kiɗa a gidan biki. Sai suka shiga yin aure bi da bi har gwauraye suka ƙare, saura Otakar mai ganga, wanda ke hura wutar ɗumama wata makaranta. Ba shi da budurwa, ba shi da bakin nema.

Yayan Blanka, Radim, shi ne mawaƙinsu. Ya same ta a gidan burodin da take aiki.

"Ƙanwata, ara mana kanki ranar Asabar."

"Ni keke ce?"

"Ki auri Otakar wata shida kawai, ya sake ki. Ota ko ido ba zai iya haɗawa da ke ba."

Ranar bikin, minti arba'in suka yi suna kiɗa kafin 'yan sanda su gane cewa baƙi ɗari uku masu gashi har kafaɗa ba dangin amarya ba ne. Kaset ɗin ranar ya bi hannu-hannu, ana kwafa har sautin ya dushe, a kansa samari da yawa suka koyi riƙe jita. Ƙungiyar ba ta ƙara shekara ba. Radim ya tsallake zuwa Vienna, can ya rasu. Vilem mai jita ya sha ɗauri.

Saki kuwa, shiru kake ji.

"Ota, yaushe za ka sake ni?"

"Bari sanyi ya wuce, amarya."

Sanyi arba'in da ɗaya ya wuce, da 'ya'ya biyu a tsakani. Da mulkin gurguzu ya faɗi, 'yan jarida suka riƙa zuwa tambayar labarin auren bogi. Ota ya yi dariya ya ce, "Ai dabara ce!" Blanka ta ajiye musu kofi ta koma kicin ta daɗe. Abu ɗaya take so ta ji daga bakinsa, ko sau ɗaya: cewa ba dabara kaɗai ba ce.

Sai shanyewar jiki ta ɗauke masa magana. Wata la'asar a asibiti ta cije ta tambaye shi. Ya dube ta, ya kama wuyan hannunta, ya buga mata wani kiɗa da yatsu uku, ya maimaita. Bayan kwana huɗu ya cika.

Ta haddace bugun. Bayan jana'iza ta je gidan Vilem, ta buga masa a kan tebur.

"Wace waƙarku ce wannan?"

Vilem ya karkato da kunnensa mai ɗan sauran ji. "Sake, 'yar'uwa." Ta sake.

"Ba tamu ba ce. Ban taɓa jin ya buga ta ba. Ko dai taki ce ke kaɗai, ko kuma hannun ne ke rawa."

"Wanne ne a ciki?"

"Ni jita nake kaɗawa, Blanka."

Ta ɗaura gyalenta ta fita. A tashar jirgin cikin gari, ta bar taragon farko ya wuce, da na biyu.