Malama Kubura, Mai Kitson Gindin Tsamiya

Kowace Asabar da hantsi, Malama Kubura kan shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar makarantar horon malamai mata da ke Gwandu, ta aje kibiya da man shanu. Baƙo sai ya ɗauka makitsiya ce. Ina! Ita ce malamar ba ɗalibai shawara.

Tun farkon shekarun tamanin aka ba ta ofis, har da labule, amma ko kaza ba ta leƙa shi. A wurin 'yan matan nan, duk wadda aka gani a ƙofar, to ko ta taɓu ko ta yi abin kunya. Malama ta lura ɗiyar mutane ba ta iya kallon idon babba ta faɗi damuwarta. To, a wurin kitso wa ke kallon wa? Sai ta kulle ofis. Kitson nata kuwa, tsakani da Allah, a karkace yake fita, amma layi ba ya yankewa.

A haka wata ɗaliba daga Dangoma, mai suna Delu, ta zo hannu. An yi ta yawon riƙo da ita gida-gida, har ta daina sakin jiki da kowa. Ana gab da jarrabawar fita ta ɗaure akwatinta za ta gudu, ta ce ita ba ta ga abin da za ta tsinana ba.

"Zo in kitse miki, ɗiyata, kar ki shiga mota da kai haka," in ji Malama.

Aka yi rabi, sai Delu ta fara magana, tana kuka. Malama ta aje kibiya. "Hannuna ya gaji. Ki dawo gobe."

Wa zai yi tafiya da rabin kai? Goben ta yi ta haihuwa har aka gama jarrabawa.

Malama, ke ce uwar waɗanda suka kasa cewa suna son uwa. Mun gode, Allah ya saka. Malamai, ku nemi taku tsamiyar.

Bana, ranar walimar ajiye aikin Malama Kubura, shugabar wata firamare a Kalgo ta ratso taro riƙe da kibiya. Delu ce.

"Inna, zauna," ta ce. "Yau ke za ki ba da baya, ni in saurara."