Kwanon da Aka Buga Mana a Gayya

Har yau mutanen garinmu da ke nan Riyad cewa suke yi sanyin bana ne ya kwantar da Inna. Ƙarya suke yi, ko kuma sun fi son su yarda da hakan. Sanyin nan kowace shekara yana zuwa, tun ina yarinya nake ganinsa, kuma Inna da asmarta sun sha wuce shi da bargo da shayi. Abin da ya kwantar da ita rufi ne, sabon rufin da su ɗin suka buga mana da hannunsu, suka tsaya a gabansa aka ɗauke su hoto.

Baba shi ne haris, wato mai gadi, na wani tsohon bene a unguwar Nasiriyya. Gadi nasa, shara tasa, famfo in ya lalace shi ake ƙwala wa kira. Mai benen ya ba mu ɗaki a can sama kusa da tankin ruwa, irin wanda ake ce wa mulhaƙ. Bangonsa bulo ne, amma samansa ba siminti ba ne. Ni da Inna muke kwana a ciki. Baba kuwa a ɗan ɗakin gadi na ƙasa yake kwana, bakin ƙofa, siminti sama da ƙasa, bene guda a kansa yana tare masa iska. Ku riƙe wannan, domin a nan matsalar ta faro: duk waɗanda suka yanke shawara a kan rufinmu, babu wanda ya taɓa kwana a ƙarƙashinsa.

Tsohon rufin mummuna ne, ban musa ba. Katako ne a ƙasa, sai soso mai kauri a kansa, sai tsoffin kafet, sai leda, sai tayoyin mota da aka danne ledar da su. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kafin mu ya ƙara wani abu. Ita ma Inna ta taɓa sa an shimfiɗa wani tsohon bargonta a can. In an yi ruwan sama yana yoyo ta kusurwa ɗaya, sai mu ajiye bokiti. Amma in ka kunna daffaya, wato abin ɗumama ɗaki na lantarki, ka rufe ƙofa, ɗumin yana zama tare da kai.

Da katako ɗaya ya lotsa, Baba ya gaya wa mai benen, shi kuma ya ce mu yi yadda muka ga dama, kada dai a dame shi. Sai Baba ya kai maganar wurin amininsa, wanda nake kira Kawu. Kawu kafinta ne tun a Maradi, yanzu yana aiki a wani shagon ƙira a unguwar Sulay. Nan take ya ce abu mai sauƙi ne, akwai ragowar kwano a wurinsu, a kira gayya kawai ranar Juma'a. Mu mata mu dafa, maza su hau sama, kamar a gida.

Lokacin zafi bai gama tafiya ba. Ranar gayyar na hau da butar shayi, na tarar sun riga sun yaye komai, suna jefa soson ƙasa ta bayan bene.

Na ce, "Kawu, soson nan fa? Ba za a mayar da shi ba?"

Ya ce, "Wane soso? Wannan gidan kyankyasan? 'Yar nan, datti muke raba ku da shi."

"Shi ke tare mana sanyi."

Wani daga cikinsu, direba ne, ya yi dariya ya ce, "To ga injiniya ta iso, Malam, sauko ka ba ta gudumar."

Kawu bai yi dariya ba, shi lallashi ya yi, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya ce sanyin garin nan na ɗan lokaci ne, bargo ya ishe shi, zafi shi ne abokin gaba. Sannan ya nuna mini abin da yake alfahari da shi: zai bar tazara tsakanin bango da kwano, faɗin tafin hannu, zagaye da ɗakin. Ya ce haka ake yi a gida, don ɗaki ya riƙa numfashi. Ya ce gidaje nawa ya rufa a Maradi a haka, ba a taɓa dawo masa da ƙorafi ba.

Na ce, "Kawu, nan ba Maradi ba ce. Kuma saman bene ne."

Baba ya juyo ya dube ni, ya ce, "Sauka ki duba tukunya."

Na sauka. Tuwon shinkafa da miyar kuka na tuƙa musu, na kai har sama, suka cinye tas suna yabon hannuna. Da yamma bayan sun watse Baba ya ce mini, cikin taushin murya, mutum ya bar hutunsa ya zo ya yi maka aiki don Allah, ba ka tsayawa a kansa kana gyara masa. Na ce ko da ya yi ba daidai ba? Ya ce ko da.

An tura hoton rufin gida. Kwano yana ƙyalli, maza sun jeru a gabansa da gumi. Saƙonnin murya suka yi ta shigowa wayar Inna, 'yan'uwa suna barka, wata gwaggona har da guɗa. A wurinmu wanda ya cire rufin tarkace ya sa kwano ya ci gaba ne, babu mai tambayar me ke ƙarƙashin kwanon. Ita ma Inna ta ji daɗi. Da rana ɗakin ya koma kamar tanda, da na yi mita ta ce in bari, ai zafin ya kusa wucewa.

Ya wuce kuwa. Sai iskar arewa ta taso.

Wanda bai zauna saman bene a garin nan lokacin ɗari ba, ba zai gane ba. Iskar ba ta da abin da zai tare ta, ta cikin tazarar Kawu take shigowa ta wannan bango ta fita ta wancan, labule yana kaɗawa alhali ƙofa da taga duk a rufe. Daffaya tana ja jawur amma in ka matsa taku biyu ba ka jin ta. Ɗumin duk sama yake tafiya ya fice. Ɗaki kam ya yi numfashi, mu ne muka kasa.

Sai kuma ruwa. Da safe in mun tashi, cikin kwanon duk ya yi gumi, ɗigo-ɗigo a jere, suna sauka a kan bargo, a kan filo, a kan fuskar Inna. Ba ruwan sama aka yi ba. Tururin numfashinmu ne da na tukunya yake hawa ya taɓa ƙarfe mai sanyi ya dawo mana. Katifa ta fara wari. Kullum sai na fitar da kayan shimfiɗa rana, kafin su bushe an koma an sake jiƙa su.

Na gaya wa Baba. Ya gaya wa Kawu, ban san da wane irin lafazi ba, amma Kawu ya fahimci cewa an ce rufinsa yana yoyo. Ranar Juma'a sai ga shi da fushinsa a ɓoye cikin murmushi. Ya sa tsani, ya ɗebi ruwa a bokiti daga tanki, ya hau ya sheƙa a kan kwanon. Ya sake ɗiba ya sake sheƙawa. Mu muna ciki an ce mu zuba ido.

Ya leƙo ya ce, "To, Hajiya ƙarama, ina yoyon? Nuna mini ɗigo ɗaya."

Na ce, "Ni ban ce yana yoyo ba. Daga ciki ruwan yake fitowa."

"Daga ciki. Kwanon ne yake haihuwar ruwa?"

"Ka zo da safe ka gani."

Ya dubi Baba ya ce, "Su daina dafa ruwa a ɗaki, shi ke nan." Ya karɓi shayinsa ya sha, Inna tana ta ba shi haƙuri tana cewa yarinya ce. Tana ba shi haƙurin tana tari.

Na tattara tsummoki da tsoffin zannuwa na cusa a tazarar iya inda hannuna ya kai. Iska ta ture wasu. Na gefen titi kuwa Baba da kansa ya cire, wai suna leƙowa waje, in Kawu ya biyo ta layin zai gani ya ji ba daɗi. A madadinsu sai ya hawo mana da kasko da gawayi, kamar yadda ake yi wa tsofaffi a gida. Na san don tausayi ya yi. Amma mai asma da hayaƙin gawayi a ɗaki ɗaya? Na ɗauki kaskon na ajiye a waje a gabansa.

Wata safiya Inna tana ninke bargo sai ta zauna a bakin katifa. Na ji ƙirjinta yana fito. Na miƙa mata abin fesawarta, ta fesa, ta sake fesawa, bai yi komai ba. Leɓenta ya canja launi. Benen ba shi da na'urar hawa, Baba ne ya goya ta a bayansa ya sauka da ita matakala bayan matakala, ni ina biye da takalmanta a hannu. A asibiti aka sa mata iska, aka ce sanyi ya kama huhunta. Likitar ta tambaye ni a ina take kwana. Da na kwatanta mata, ta ce kada a mayar da ita wannan ɗakin a yadda yake.

Yanzu tana gidan wata 'yar garinmu, a falo take kwana tare da yara. Matar ta yi mana karamci, amma 'yarta na gab da haihuwa, za ta dawo gida wanka, wurin ba zai ɗauke su duka ba. Inna kuma kullum maganarta ɗaya, tana son ɗakinta. Ba mu da wani wuri. Ɗakin gadi na Baba ko katifa biyu ba ya ci. Ke nan ko ta koma ƙarƙashin kwanon nan, ko a gyara shi kafin ta koma.

Maza sun yi ta zuwa dubiya. Kowa ya zauna sai ya girgiza kai ya ce sanyin bana ya yi yawa, Allah ya sawwaƙe. Kawu ya zo da dabino da sabon bargo mai laushi. Na karɓa na ce an gode, ina jin kamar in tambaye shi ko bargon yana hana ruwa sauka a fuska.

Bayan an kwantar da Inna, Baba ya hau ya kwana a ɗakin sau ɗaya. Da safe na gan shi yana shanya rigarsa a igiya, bai dube ni ba. Don haka ya sani. Da na tare shi a bakin ƙofa na ce yaushe za a gyara, sai ya daɗe yana goge gilashin ƙofar da ba ta da datti.

Ya ce, "Da wane baki zan ce masa ya sake? Lokacin da na sauka garin nan ban san kowa ba, a ɗakinsa na kwana. Tabarmarsa ya raba biyu."

Na ce, "Baba, na ji. Amma Inna ce za ta kwana a ciki, ba tabarmar ba."

Ya ce in bar shi ya yi tunani. Na san irin tunanin nan, har zafi ya dawo ba a gama shi ba.

Ina jin haushin Kawu, amma na fi jin haushin wannan kunyar da ta sa gara mace ta kwanta asibiti da a ce wa namiji aikinsa bai yi ba. Kuma na lura da abu ɗaya a ranar gayyar: ba wanda ya hau saman nan don Baba ya iya magana. Sun zo ne don an kira su kuma an ɗora tukunya. Tukunyar kuwa ni na ɗora.

Don haka ba zan jira Baba ba. Maƙwabciyarmu mijinta yana tuƙa mota a wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu, ta ce suna zubar da gutsattsarin allunan soso, zai kawo mini. Kawu kuma ni zan kira shi da bakina. Zan gaishe shi yadda ya kamata, sannan in gaya masa Inna za ta dawo, kwanonsa yana nan ba mai taɓa shi, amma za a sa soso da silin a ƙarƙashinsa, a toshe tazarar nan gaba ɗaya, kuma ina gayyatarsa ranar Juma'a shi da mutanensa. Zan tuƙa tuwon, miyar ma za ta fi ta wancan karon. Amma tuwon a ƙasa zai zauna, a rufe, sai na bi bangon nan da tafin hannuna kusurwa zuwa kusurwa ban ji iska ba. Wanda ya ce in sauka in duba tukunya, zan ce masa na riga na duba.

In kuma Kawu ya ƙi zuwa, tsanin yana nan jingine da tanki, gudumar Baba na san inda take. Zan hau da kaina da rana tsaka, ta gefen titi zan fara.