Gaisuwar da Ban Amsa Ba

Jiya Inna ta surfa sabon gero, ƙamshin dusarsa ya tuna mini da wata tsohuwa ta unguwar Kirista, wadda ta rasu bara war haka.

A ƙaramin cocinsu, kowane manomi yakan kai dami ɗaya bayan girbi, a raba wa gidajen da ba su da mai noma. Shekarar da Babanmu ya rasu, ita ta ɗauko namu a ka. Inna ta ce, "Iya, ai mu Musulmi ne." Ta sauke damin tana haki, ta ce, "Na sani. Ni dai yaran nan na gani." Ta shafa kaina, kaushin tafinta yana kama zaren hijabina.

Wata Laraba muna dawowa daga makaranta, muka haɗu da ita a hanyar rijiya. Ta washe baki ta ce, "Jikata, an taso?" Wata ƙawata ta zungure ni ta ce, "Ashe kakarki 'yar coci ce?" Sauran suka kwashe da dariya. Ban durƙusa ba, ban amsa ba. Na kalli takalmina na wuce, alhali kunun da na sha da safe na geronta ne.

Da girbi ya zagayo ta sake kawo dami, ta tambayi Inna ina nake. Na ɓuya a ɗaki, ina cewa gobe zan je in ba ta haƙuri. Har aka binne ta ban je ba.

Allah ya saka mata da alherin da ta yi mana, ni kuma ya yafe mini.