Faifan Mai Injin Niƙa

Shekara talatin da takwas Mai Inji ya yi yana niƙa a wani ɗan shago mai ƙofar ƙarfe, gari ya zauna masa a gira har ba a san ranar da furfura ta fito ba. Ba shi da hira, ba ya zuwa kallon ƙwallo. Abu ɗaya ya ɗauke masa hankali: wani faifan garmaho da ya tsinta a ƙasan akwatin da aka kawo injinsa na farko. Babu hoton kowa a bangon faifan, sai na wata kujera a tsakiyar fili.

Gefe guda na faifan kiɗa ɗaya ne, minti ashirin da biyu. Yana farawa da gunji kamar inji na ɗumama, sai ganguna su shigo suna ɗingishi, jita ta bi su tana kuka. A tsakiya komai ya ɗauke ɗif, har baƙo ya miƙe ya zaci an gama. Can sai molo mai sanyi ya dawo daga nesa.

Matarsa ba ta taɓa zama ta ji shi har ƙarshe ba.

"Malam, wannan ai ba kiɗa ba ne, tukwane ne suka faɗo daga kanta."

"Ke dai saurara. Mai gangar nan bakwai yake ƙirgawa, ba huɗu ba. Kamar bel ɗin injin da ya ci gefe, amma da gangan."

"To Allah ya ba shi lafiya," in ji ta, ta koma wanke-wankenta.

Injin ne ya cinye masa kunnuwa, a hankali, har ya zama sai an taɓa kafaɗarsa yake juyowa. Duk da haka kullum da yamma zai yi wanka, ya ɗora faifan, ya zauna. Wata rana lasifikar garmahon ta mutu. Matar ta ga faifan yana juyawa shiru, shi kuma yana kaɗa kai, sai ta kasa gaya masa. Wata huɗu ana haka.

Ran nan tana ninke kaya a ɗakin, ya ɗaga hannu.

"Kin ji? Sun ƙara wani abu."

Ta matso ta yi masa alama: me?

"A wurin shirun nan. Da babu kowa. Yanzu akwai mai tafiya, yana jan ƙafa." Ya karkata kai wajen lasifikar da ba ta da rai. "Jiya yana nesa. Yau ya matso."

Ta leƙa tsakar gida, wayam, ko kaza babu.

Washegari, yana shago, ta kai lasifikar wurin mai gyaran rediyo. Da ta dawo da ita a gyare ta rufe ƙofa, ta ɗora faifan, ta zauna a kujerarsa. Gangunan suka yi ta tuntuɓe, sai ta ga ashe ba sa faɗuwa. Da shirun ya zo ta riƙe numfashi. Babu takun kowa, sai ƙarar allurar garmahon. Amma da molon ya dawo, hawaye ta ji a kumatunta, ba ta san dalili ba.

Da yamma ta rubuta masa a takarda: Na ji. Yana da daɗi. Ya daɗe yana kallon rubutun, ya yi dariya har da tari.

"Shekara talatin da takwas! To shi mai tafiyar fa?"

Ta girgiza kai.

"Ba wurinki ya zo ba ke nan," ya ce, ko a jikinsa.

Kwana tara bayan haka ya rasu a kujerar, da rana tsaka, hannuwansa a kan gwiwa. Ƙanensa ya karɓi shagon. Da babbar 'yarsu ta zo kwashe kaya, ta ɗauko garmahon tana neman inda za ta jefa shi.

"Ajiye shi," in ji uwar. "Ɗaya gefen faifan ban ji ba tukuna."