Kawu Habila da Gonar Aro

Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, ina wurin aiki a Ikara aka bugo mini waya cewa Kawu Habila ya rasu a gidansa, a ƙauyenmu na kusa da Furana, bayan jinyar da ya sha tun rani.

Kawu, kai ka riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, ba ka taɓa bambanta ni da 'ya'yan cikinka ba, har a wajen bulala. A coci kowa ya san muryarka ba ta da daɗi, amma ba wanda ya kai ka ɗaga ta. Kekenka kuwa ya kai marasa lafiya asibiti fiye da yadda ya kai ka kasuwa, ba ka tambayar ko na coci ne ko na masallaci.

Gonar da ta ciyar da mu duka ba taka ba ce. Marigayi Malam Jumare, maƙwabcinka, shi ya ba ka aronta tun kana saurayi, tana fako, kai ka raya ta. Kowace kaka sai ka ɗauki damin dawa na farko a ka, ka kai ƙofar gidansa, kamar yadda masu aro ke yi don kada a manta mai ƙasa. Wasu sun daina wannan tuntuni. Kai ko bayan rasuwarsa ba ka fasa kai wa 'ya'yansa ba.

Bana da rani, ciwo ya fara cin ka, sai ga Hamisu, babban ɗansa, ya zo yana sunkuyar da kai. Ya ce iyali sun yi yawa, suna bukatar gonarsu. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ban ga abin da Inna Saratu, matarka, za ta ci da yara ba. Na ce mu kai magana gaban dagaci, noman shekaru ba zai tafi a banza ba.

Ka ce, "Safiyanu, nemo amalanke. A kwashe takin da ke garke a zuba musu."

"Taki kuma, Kawu? A gonar da za a karɓe?"

"Ba a mayar da kayan aro a rame. Ni kaina ma aro ne. Tun ranar da aka yi mini baftisma na miƙa wa Yesu ran nan, da gidan, da ku. Kullum ina gaya masa nasa ne. Yau da ya taɓa abu ɗaya sai in ce ban san zancen ba?"

Na yi ta jigilar takin ina gunaguni, kana zaune a gindin ɗorawa kana yi mini dariya. Haka ka bi da ciwonka ma. Ka sha magani, ka je Zariya duk lokacin da likita ya ce, amma ban taɓa jin ka yi ciniki da Allah a addu'a ba. Godiya kake yi, ka ce a yi nufinsa.

Ba a mayar mana da gonar ba, ba ka kuma sa ran haka ba. Amma Hamisu da ƙannensa na cikin waɗanda suka haƙa kabarinka, kuma zumuntar maza ta coci ta yi wa Inna gayya a ɗan filin bayan gida. Har yau ba a kwana da yunwa a gidanka ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Saratu, da 'ya'yanka Rifkatu da Dauda, da jikoki, da ikilisiyarmu baki ɗaya. Ubangiji ya ta'azantar da mu, ya ba ka hutu a wurinsa har ranar tashin matattu, ya koya mana sakin abin da ba namu ba.

Jiya na bi ta gonar, Kawu. Masarar Hamisu ta yi goyo, babu irinta a yankin. Na tsaya na yi masa barka, kuma har cikin zuciyata na yi.