Malam Sai Gobe

Labarin ƙasa aka ɗauke shi ya koyar. A shekararsa ta biyu malamin fiziks ya samu aiki mai tsoka ya yi gaba, shugabar makaranta ta kira shi ofis ta ce ya riƙe ajin na sati biyu kawai. Yau shekara bakwai ke nan, sati biyun bai ƙare ba.

Shi kuwa bawan Allah rabonsa da fiziks tun yana ɗan sakandare, a lokacin ma da ƙyar ya sha. Wanda ya rufa masa asiri wani mai gilashi ne da ke saka darussa kyauta a intanet. Kullum da an fita hutun cin abinci sai ya shige sito, tsakanin karyayyun kujeru da tsohuwar taswirarsa, ya kunna waya ya kwashe darasin a takarda, har da barkwancin mutumin. Da darasi ɗaya tak ya fi ɗalibansa. In aka jefo masa tambayar da ba ta cikin bidiyon, sai ya dubi agogo ya ce, "Tambaya mai kyau, sai gobe." Sunan ya bi shi har gida, matarsa ma da shi take tsokanarsa.

Abu ɗaya yake tsoro a duniya, kada yaran su gane.

Ran wata Laraba yana lissafin faɗowar dutse daga sama, ya rubuta 8.9 yadda ya kwafo. Wata yarinya a layin gaba, 'yar mai gyaran waya, ta ɗaga hannu.

"Malam, 9.8 ne. Ai ya gyara a ƙasa, wurin sharhi. Ya ce hannunsa ne ya kuskure."

Ba wanda ya tambaye ta wa ya gyara. Ko dariya ba a yi ba, wannan ya fi yi masa ciwo. Ashe duk sun sani, kara kawai suke yi masa. Kunya ta rufe shi, ya goge allon da tafin hannu, ga tsumma a ɗaya hannun.

Ana tashi ya wuce ofishin shugabar makaranta.

"Ranki ya daɗe, ni fa ban san fiziks ba. A waya nake kwafa. Don Allah a mayar da ni kan taswirata."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Yaran suna cin jarrabawa?"

"Suna ci."

"To me ya yi zafi? Ka ƙara haƙuri na sati biyu, muna neman wani."

Washegari ya shiga sito ya tarar da 'yar takarda a kan kujerar da yake zama. Har maɓoyar tasa ma an sani. Rubutun yarinyar ne: "Malam, a darasin yau ma akwai kuskure, minti na shida."

Ya daɗe yana kallon takardar, ji yake kamar ya yi kuka. Sannan ya ciro waya ya nemi minti na shida, don saura kwata a buga ƙararrawa.