Inna, Kyamara da Idon Lumshi

Ƙarfe shida saura kwata take shigowa ta ƙaramar ƙofa, jaka a hammata, tabarau rataye a wuya. Ofishinta bai fi shagon mai gyaran agogo ba: tebur, kujeru biyu, kwamfuta, sai taga mai kallon filin da bas-bas ɗin kamfaninmu suke kwana. Ta tagar nan take miƙa wa kowane direba makulli da takardar hanyarsa, amma ba ta saki sai ta ƙare wa fuskarka kallo. "Ka samu barci kuwa? Me ka sa a cikinka?" Shekara ashirin da bakwai ke nan tana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye shi. Mu direbobi Inna muke ce mata, har da irina da muka girme ta.

Ban yi karatu mai nisa ba, amma na yi tuƙi a ƙarƙashin manajoji tara. Na ga mai cuta da tsawa, na ga mai cuta da murmushi. Duk cikinsu babu wanda ya sa gabana faɗuwa kamar abin da aka liƙa mana a gilashin gaba shekara biyu da suka wuce. Wata 'yar kyamara ce kamar akwatin ashana, an ce akwai ƙirƙirarriyar basira a cikinta mai karanta fuskar direba. Ka yi hamma, ta rubuta. Ka lumshe ido, ta rubuta. Jan maki uku a wata ɗaya, sai ta tura sunanka kwamfutar Inna tare da takardar sallama a shirye, har da "muna yi maka fatan alheri" a ƙasa. Abin da ya rage kawai a danna. Muka sa mata suna Magulmaciya.

Ba zan zalunce ta ba, ta kama masu latsa waya alhali ga rai hamsin a bayansu, kuma Inna ba ta rufa wa ko ɗayansu asiri ba. Sai dai tsoro ya shige mu har ƙashi. Mai yin tasbihi a kan sitiyari ya kulle bakinsa, don an rubuta shi yana waya. Wasu suka rage duba madubin gefe, don juya kai ma laifi ne a wurinta. Ku auna wannan: direban bas yana tsoron duba madubi.

Akwai wani abokin aikinmu da muke kira Lumshi. Tun yana saurayi wani ciwo ya kama shi a fuska, fatar idonsa na hagu ta sauko rabi, ta zauna haka. Gani kam yana gani sarai, likita na ba shi takarda duk shekara, kuma a shekara goma sha tara ko keke bai taɓa gogewa ba. A wurin Magulmaciya kuwa, barci yake sharɓa. Cikin mako biyu ta ba shi jan maki biyu. 'Ya'ya shida gare shi, ga mahaifiya kwance a ɗaki. Saura ɗaya.

Wata Talata ina bayansa a layin taga, na ga ya jawo hula har gira. Inna ta miƙo makulli, ya kama, ta ƙi saki.

"Ɗago kanka."

Ya ɗago. Ashe ya sa filasta ya ja fatar idon ya manne ta a gira. Idon ya yi ja kamar garwashi, ruwa na bin kuncinsa.

"Lumshi, mene ne wannan?"

"Ɗan ƙurji ne, Inna."

"Ƙurjin gidanku. Tun yaushe kake tuƙi da shi?"

"Tun Juma'a."

"Kana ƙiftawa?"

"Da na dama ina yi."

"In rana ta doke ka fa?"

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Jiya a mahaɗar asibiti ban ga mai babur ba, sai da ya buga bodin motar da hannu."

Ni dai jikokina biyu bas ɗinsa suke hawa zuwa makaranta. Inna ta sa ya ɓare filastar a gabanta, ta tura shi gida ya huta da idon, ta ce gobe ya tuƙa da idon da Allah ya ba shi.

"Inna, na ukun zai shigo fa."

"Ya shigo. Ni zai tarar."

Washegari kafin azahar jan maki na ukun ya shigo. Ta bar takardar sallamar a kwamfuta ba ta taɓa ba. Ranar Alhamis sai ga manaja da kansa. Mai gyaran lantarki yana kan kujera yana fama da fankar ofishin, shi ya kawo mana labarin yadda aka yi.

"Malama, takarda na jiran ki tun jiya."

"Na gan ta, ranka ya daɗe."

"To danna mana. Na'ura ba ta san kowa ba, ba ta son kai."

"Gaskiyarka, ba ta san kowa ba. Ai shi ya sa aka ajiye ni a nan."

"In ya yi hatsari wa zai amsa?"

"Ni. In kuma aka kore shi a kan ƙarya, sunan wa ke ƙasan takardar? Nawa ko nata?"

Ta jawo masa kujera ta kunna hotunan nan uku. A wanda aka rubuta "barci mai nauyi", ga Lumshi ya taka burki yana yi wa wata tsohuwa alama da hannu ta tsallaka. Manaja ya kalla, ya miƙe, da ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Kin kusa ritaya. Ki kula kada ki ɓata takardunki da hannunki." Inna ta ɗauki biro. Ta rubuta cewa ta ƙi, ta faɗi dalili, ta sa sunanta.

Ba ta tsaya nan ba. Duk lokacin cin abincin rana sai ta rufe taga, ta bi jan makin wata shida ɗaya bayan ɗaya, ta ware na gaskiya ta ware na ƙage. Ta rubuta wa masu na'urar, suka yi shiru, ta sake rubutawa, har suka turo mutum. Ya duba ya amsa cewa ba a koya wa na'urar fuska irin ta Lumshi ba, ya ce za a gyara. Kamfani kuma ya kafa doka a rubuce, aka liƙa ta a bango: ba a sallamar direba sai mutum ya kalli hoton da idonsa, ya ji ta bakin direban, sannan ya sa hannu.

Inna, ke ce kika yi wannan, ke kaɗai, ba lauya ba ƙungiya. Ba ki taɓa cewa a cire kyamarar ba, kuma ba ki bar ta ta yanke hukunci ita kaɗai ba. Uwar direbobi, garkuwar mai ƙaramin ƙarfi. Ke ce kika ji tsoro kamar yadda muka ji, kika zauna a kujerarki ba ki gusa ba. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa 'ya'yanki su samu mai tsaya musu.

Amma zan faɗi abin da ke cin mu. Gyaran da aka yi alkawari har yau bai kammala ba. Kusan kowane mako Magulmaciya na rubuta Lumshi, kowace Litinin Inna na buɗe hoton ta goge. Shekara huɗu suka rage masa a aiki, ita kwana goma sha ɗaya. Shekaranjiya na ji ya tambaye ta a taga, "Inna, in kin tafi fa?" Ta ce, "Doka na nan a bango." Ya ce, "Bango ai ba ya buɗe hoto." Ta miƙa masa makulli.

Shi ya sa nake roƙon ku, ku da aka ajiye a ofisoshi da asibitoci da masana'antu, na'ura na kawo muku sunayen mutane kuna dannawa: ku yi koyi da matar nan. Ku duba, ku kira mutumin ya zauna a gabanku, abin da ba ku yarda da shi ba kada ku sa masa hannu.

Kai kuma da za ka gaji kujerarta, ban san ka ba tukuna. Litinin ɗinka ta farko wani suna zai fito maka da ja, da takarda a shirye. Don girman Allah, ka buɗe hoton kafin ka taɓa komai.